Facin Dare

Ƙarfe ɗaya da kwata saƙon ya iso,
ina kurɓar shayin da ya huce tun sha biyu.
Istifanus ya karanta sau biyu, ya cire tabarau:
"An gano tsaga a jikin Tsohuwa."

Tsohuwa muke ce mata,
baƙar na'ura a ɗakin sanyi, hawa na biyu,
Tudun Wada, bayan layin 'yan gwanjo.
Aikinta ɗaya tun ranar da aka kunna ta:
ka ba ta suna, ta ba ka lamba.
Ka ce banki, ta nuna ƙofar banki,
kamar ɗan kamasho a tashar Kawo
da in ka ce Zariya ba ya ɗaga kai,
da haɓa yake nunawa: waccan motar.

Shekara tara ba ta yi ƙarya ba.
Laifinta, in laifi ne, saurin yarda.
In ta aika tambaya tana jiran amsa,
wani na iya rigan mai gaskiya buɗe baki,
ya raɗa mata lambar gidansa,
ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane,
ta yi ta raba wa duk mai tambaya
da zuciya ɗaya.

Sai Lantana mai waina ta faɗo mini a rai,
wadda ke tura kuɗin makarantar ɗanta ta waya
kowane biyar ga wata.
Yau biyar ga wata.
Za ta danna sunan da ta sani,
Tsohuwa ta raka ta wani zaure
mai fenti iri ɗaya, tambari iri ɗaya,
a karɓi lambar sirrinta har da godiya.

Sai bango ya tsage, ka san sauran.
Ƙadangarun nan ba su da unguwa,
daren Kaduna hantsinsu ne.

Muka kwafe komai muka ajiye gefe.
Muka sauko da facin, ɗan mitsitsi,
ko nauyin hoton biki bai kai ba.
Wuta ta ɗauke. Janareto ya yi tari uku
kafin ya yarda.
Istifanus ya ce da sunan Yesu, na ce bismillahi,
yatsa ɗaya ya danna mana duka.

Ta mutu. Ta ƙi tashi.

Minti huɗu rabin unguwa ba suna.
Wani mai gadi a Kakuri na girgiza wayarsa,
wata nas a Barnawa na tsine wa kamfani,
ni kuwa ina bin layi ɗari biyu da ido
har na ga waƙafi guda da na ci da hannuna.
Na mayar da shi mazauninsa.
Fitila ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa,
ta yi kore.

Muka gwada ta da ƙarya sau dubu,
ta kalle mu shiru.
Ta koyi tambayar baƙo: wa ya aiko ka?

Tanimu mai faci na bakin gada ya taɓa ce mini,
yana danna tayar babur ɗina cikin ruwan baho,
hujin da ya yi kumfa ɗan'uwa ne,
na tsoro shi ne wanda bai yi ba tukuna.
Na san akwai shi.
Yana kwance cikin Tsohuwa yanzu haka,
ba wanda ya raɗa masa suna.

Ladan ya kira. Istifanus ya kifa kai a tebur.
Da gari ya waye na biya ta wurin Lantana,
tanda na ƙara, yara sun yi layi.
Ta dubi jan idona: "Kai kuma, ƙwallo ka kwana kallo?"
Wayarta ta yi ƙara a cikin zane.
Ta goge mai a hannu, ta duba,
ta ce kuɗin yaro sun shiga,
ta ƙara mini waina ɗaya,
ba don ta san komai ba.